Kiran da Wutsiyarsa Ta Faɗi

Tekla yayar kakarmu Ragna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma shekara goma sha biyar ke tsakaninsu, har a cikin dangi akwai waɗanda suka girma suna zaton uwa da 'ya ne. Ba su kuma yi nisa da gaskiya ba. Uwarsu ta rasu Ragna na da shekara biyu, Tekla ce ta raine ta, ta yi jinyar ƙyandarta, ta ɗinka mata rigar zuwa coci. Har suka tsufa Ragna ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai Yaya. Ita kuwa Tekla, Auta take ce mata, ko bayan Autar ta yi jikoki.

Tekla ba ta yi aure ba. An ce wani masassaƙi daga Orsa ya nema, ta ce ya bari sai bayan bazara, da bazarar ta wuce ta ce sai bayan mai zuwa, har ya gaji ya nemi wata. Rugar Granberg ita ta aura. Kowace shekara, da zarar ƙanƙara ta narke ciyawa ta kai tsawon yatsa, matan ƙauye kan haɗa shanun gidaje su hau tudu da su, tafiyar wuni guda, su zauna can har sanyi ya fara cizo, maza na ƙasa suna fama da gonaki. Tekla ta fara hawa tana da shekara tara, tana riƙe da gefen siket ɗin uwarta, kuma ba ta yi fashin bazara ko ɗaya ba sama da shekara arba'in.

Da safe akan saki shanu su shiga daji ba makiyayi, da yamma a kira su gida. Kiran nan shi ne aikin Tekla, shi ne kuma sunanta. Akwai wani faffaɗan dutse bayan ɗakin tatsa, a kansa take tsayawa. Muryar siririya ce kamar zare, amma takan keta daji, ta haye fadama, ta bugi tudun Loberg ta dawo. Kafin amsa-kuwwar ta mutu za a ji ƙararrawar Krona, uwar garke, tana tahowa daga nesa, sauran na biye da ita. Matan rugar Loberg sukan ce ba su bukatar agogo, in Tekla ta yi kira sai su ɗora tukunyar kofi.

Ta kula da maƙogwaronta kamar yadda wata ke kula da jariri. Ba ta kira da muryar farkawa. Sai ta sha ruwan ɗumi, ta zauna tatsa, ta jingina goshi da cikin saniya tana ɗan gunji ta hanci, baki rufe, har ta ji leɓɓanta na ƙaiƙayi. Ba ta kira iska na dukan fuskarta. Ba ta shan ruwan rafi in ta yi gumi. Ba ta kaki, in abu ya tsaya mata a wuya haɗiyewa take yi. In mura ta kama ta, shiru take yi ɗungurungum kwana biyu tana nuna abu da hannu, domin a wurinta raɗa ta fi ihu cin murya. Agda, wadda suka shekara ashirin suna kwana ɗaki ɗaya a ruga, takan ce Tekla ce kaɗai macen da ta sani mai zagin mutum a hankali don kada ta ɓata kayan aikinta.

Kiran shanu daban, kiran mutane daban. Tsakanin Granberg da Loberg akwai fadama mai faɗi, saman gansakuka ƙasan laka, ba mai ratsa ta, zagayawa kuwa rabin wuni ne. Don haka da murya ake aika saƙo. Kira biyu suka fi sauran nauyi, kuma farkonsu ɗaya ne sak, a ƙarshe suke rabuwa, a wurin da matan ke ce wa wutsiya. In wutsiyar ta hau sama ta tsaya cak, dabba ta ɓata, a fito nema. In ta sauko ta kwanta, an same ta, kowa ya koma gida.

Ɗaga wutsiyar nan shi ne mai wuya. Uwarsu ta koya wa Tekla wata dabara a kan dutsen, ana saura shekara ɗaya ta rasu, yadda ake ɗaga ta ba tare da an yi wa wuya dole ba. Tekla ta koya wa Auta komai tun tana yarinya, tsayuwa da numfashi da sakin muƙamuƙi. Wannan ɗayan ne ba ta koya mata ba. Da farko ta ce yarinya ce tukuna. Daga baya ta ce ai aure za ta yi, me za ta yi da shi. Daga baya kuma ta daina ba kanta dalili.

Ragna ta yi aure tana da shekara ashirin, ta auri Halvar mai aiki a wurin yankan katako, ta haifi huɗu, ta shekara goma sha bakwai ba ta taka Granberg ba. A bazarar 1951 ne ƙafar surukarta ta ƙi, ba mai hawa da shanunsu biyu, sai Ragna ta bar mata yaran ta ɗaura ƙunshinta. Tekla ta yi murna da gaske. Ita ta gyara mata gado, ta ba ta bargon da ya fi kauri.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara biyu ke nan Tekla na jin kamar yashi a can saman muryarta. Ba kullum ba. Wani lokaci kiran ya fita tas, wani lokaci ya zo ƙarshe ya ɗan karce kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ta ƙara ruwan ɗumi, ta ƙara shiru, ta ce mura ce.

A mako na uku, ranar Laraba da yamma, ta hau dutse ta yi kira. Daji ya yi tsit. Ta sake. Ta yi na uku, ta kasa kunne, babu ƙararrawa. Ragna na can tana shanya ƙyallayen tace madara a kan shinge. Ba ta ma ajiye ƙyallen ba, ta ɗaga kai kawai ta saki kira ɗaya kamar mai wasa. Muryar ta tashi fes, mai faɗi, mai sheƙi, ta je ta daki tudun Loberg ta dawo sau biyu. Nan take ƙararrawa ta amsa, shanu suka ɗauki kuka, aka ji suna karya rassa suna tahowa a guje.

Agda ta ajiye bokiti. "To fa. Krona ta yi sabuwar uwa."

"Dama suna hanya," in ji Tekla. "Kirana suka ji."

"Haka ne. Sai dai suka tsaya shawara tukuna."

"Ke Agda, bar tsokana," in ji Ragna. "Iska ce ta juya, Yaya."

Wannan ta fi tsokanar Agda zafi, don ko ganye ɗaya ba ya motsi. Da garken ya iso, Krona ta wuce Tekla kamar ta wuce kututture, ta je ta cusa hanci cikin aljihun Ragna tana neman gishiri. Krona fa, wadda Tekla ta zaro daga cikin uwarta da hannunta a wata safiya mai dusar ƙanƙara. Tekla ta sauko daga dutse ta shiga tatsa. Hannunta na aiki, amma kunnenta bai daina jin kiran nan ba. Ta juya shi ta ko'ina tana neman aibinsa. Akwai aibi, yarinyar da ƙarfi take turawa, da wuya take ɗagawa. Amma muryar da kanta, wannan ba koyarwa ba ce. Allah ne ya zuba mata, ita kuma ta shekara goma sha bakwai tana kiran yara cin abinci da ita.

Ranar Lahadi Hilma, babbar matan Loberg, ta zagayo shan kofi kamar yadda sukan yi sau biyu a bazara. Tun kafin ta cire takalmi ta kama hannun Tekla.

"Ke Tekla, me kika sha? Ranar Laraba muryarki ta koma ta budurwa. Uku na farko mun ce yau gajiya ce, na huɗun kuwa ajiye aiki muka yi muna saurare. Shekara talatin ina jinki, ban taɓa jin kin yi irinsa ba."

Ragna ta sunkuyar da kai cikin kofinta. Agda ta yi tari, ta ce burodi ne ya sarƙe ta.

"Ruwan ɗumi ne kawai," in ji Tekla, ta miƙa wa Hilma sukari.

Ba wanda ya ƙaryata ta, kuma wannan shirun ya zame mata ƙaya. Da ma Auta ta buɗe baki ta ce ni ce, da sun yi faɗa an wuce wurin. Amma ta rufa mata asiri, kamar yadda ake rufa wa tsohuwar da ta zubar da miya a gaban baƙi.

Aikin da kowa ke gudu a ruga shi ne tukunyar ruwan cuku. Tun safe ake ɗora ta a wata 'yar bukka mai gajeren rufi, a yi ta juyawa da muciya kada ya kama, har ya yi kauri ya yi ja da yamma. Hayaƙi ba shi da wurin fita sai ƙofa da hancin mai juyawa. Tekla ba ta taɓa yinsa ba, kowa ya yarda muryarta ta ɗauke mata, Agda da Ragna ke karɓa-karɓa. Ranar Litinin Tekla ta ce kafaɗar Agda na ciwo, Auta ta riƙe tukunya har ƙarshen mako. Agda ta buɗe baki za ta ce kafaɗarta lafiya ƙalau, sai ta tuna hayaƙin ta rufe. Da Ragna ta tambayi itace, Tekla ta nuna mata tarin da ke bayan bukka, wanda ruwa ya daka, ta ce a fara cinye shi tukuna.

Cewa da gangan ta yi, wannan ba zato ba ne. Tekla ce da bakinta ta gaya wa mahaifiyarmu tana tsohuwa, ba ta kuma yi wa kanta ado ba.

A kwana na biyu Ragna ta fara tari. Ta fito daga bukka jiƙe da gumi ta durƙusa a bakin rafi ta kwankwaɗi ruwan sanyi. Ta yi ta kaki. Da muryar ta dishe sai ta koma raɗa, wai tana lallaɓa ta. Tekla na ganin kowane ɗaya, ta kuma san maganin kowane ɗaya. Maganar kan zo har bakinta ta mayar da ita. Da yamma ta hau dutse ta yi kiranta, shanu su zo a makare amma dai su zo, ta ji wani sanyi a ranta wanda ba ta so ta duba daga ina yake.

Ranar Alhamis aka ƙirga shanu a ƙofar ɗakin tatsa, ɗaya babu. Lilja ce, jar saniyar Joel mai gyaran takalmi, ita kaɗai gare su, ga 'ya'ya bakwai a gidan, ga saniyar da ciki. Tekla ta hau dutse ta aika wa Loberg kiran ɓata. Wutsiyar ta hau da ƙyar, amma ta hau, Hilma ta amsa. Daga nan ta tsaya tana kiran Lilja da sunanta har rana ta yi ƙasa, ta karya dokokinta ɗaya bayan ɗaya. Washegari ta farka ta wuce kan dutse kai tsaye, ba ruwan ɗumi, ba gunji.

Agda ta shiga dajin yamma. Matan Loberg su uku suka bi gefen fadama ta ɓangarensu, inda ramukan laka suke, inda kowa ke tsoro amma ba mai faɗa. Hadari na haɗuwa daga arewa. Al'adar wurin ita ce da tsakar rana a sake kiran, don masu nema su san ko su ci gaba ko su koma.

Ragna ta leƙo daga bukka, ido jajir, murya kamar ana jan buhu a ƙasa. "Yaya, ki bari in gwada. Kin yi da yawa tun jiya."

"Da wannan muryar ta kwaɗo? Koma ga tukunyarki."

Ta hau dutse. Ta buɗe ƙafa, ta cika ciki, ta saki farkon kiran. Ya fita, siriri amma ya fita. Ta zo wutsiya ta yi duk abin da uwarta ta koya mata, sai muryar ta kai rabin hanya ta tsinke. Da ma shiru ta yi. Gangarowa ta yi, taki uku, a hankali, ta kwanta luf, ta zama kiran samu. Ko da gangan aka yi ba za a fi haka kyau ba.

Tekla ta tsaya baki buɗe. Can daga ƙetaren fadama sai ga amsar Hilma, gajera mai murna, wata kuma ta ɗora mata da wasa. Muryoyin suka fara nisa, suna komawa Loberg. Tekla ta cika ciki ta sake gwadawa, iska kawai ta fito. Ta sake, ba komai.

Ragna ce ta fara isowa, muciya a hannu. Ta tsaya ƙasan dutse. Ita ta ji inda abin ya tsinke. Ba a jima ba Agda ta ɓullo daga daji tana haki tana dariya, ganye a gashinta.

"Ina 'yar banzar take in ja mata kunne? A ina aka same ta?"

"Ba a same ta ba," in ji Tekla. Muryar da ta fito ba ta fi ta Ragna ba.

"Amma kin ce..."

"Na san abin da na ce."

Agda ta dubi Tekla, ta dubi ƙetaren fadama, ta dubi hadari. A iya sanin kowa, ranar ce kaɗai aka ba ta ƙofar tsokana ba ta shiga ba. "Sun tafi fa, Tekla. In tana cikin laka ruwan nan ya sauko, shi ke nan. Ko yanzu na kama hanya, sai yamma zan isa."

Tekla ta yi tunanin hakan, ba za a ɓoye ba. A tura Agda ta zagaya, a ce wa Loberg kunnensu ne ya ji ba daidai ba, ita kuma ta yi shiru kwana uku muryar ta dawo, komai ya koma yadda yake. Ta daɗe a tsaye da wannan tunanin. Sai ta tuna matar Joel ranar hawa, yadda ta miƙa mata igiyar Lilja da hannu biyu.

"Auta, hau nan."

"Yaya, ba ni da murya."

"Na sani. Na kuma san yadda aka yi. Hau."

Ragna ta dube ta, dubawa mai tsawo, sannan ta jingine muciya ta hau. Tekla ta aiki Agda ta kawo ruwan ɗumi da cokali ɗaya na abin da ke cikin tukunya. Ta sa Ragna ta sha a hankali, ta sa ta gunji ta hanci, ta hana ta kaki.

"Nuna min yadda kike ɗaga wutsiya. A hankali, kada su ji."

Ragna ta ɗaga haɓa, jijiyoyin wuyanta suka tashi, abin ya fito a karce.

"Ga shi nan. Hawa kike yi, kamar mai hawa tsani da kaya a ka. Sauke haɓar nan." Ta zagaya bayanta ta dafa haƙarƙarinta na ƙasa da hannu biyu. "Nan za ki cika, ba kafaɗa ba. Ture hannuna. To. Yanzu ji nan. Ba a hawa wa wutsiya. Tun kafin ki buɗe baki ki sa a ranki kina sama da ita, ki sauko ki ajiye ta, kamar ajiye kofi a kan tebur."

"Ta yaya zan sauko wa abin da ke sama?"

"Kar ki yi min gardama, yi kawai. Kuma rage iskar nan, rabin abin da kike turawa ya isa. Maƙogwaro mai ciwo ba ya son a matsa masa. Tsuke bakin, ki aika ta nan." Ta ƙwanƙwasa mata tsakanin gira da yatsa, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Na farko ya tsinke. Na biyu ya hau ya yi rawa. A na uku Tekla ta ji haƙarƙarin ya buɗe a tafin hannunta, ta ce, "Yanzu. Saki duka."

Kiran ya tashi. Akwai hayaƙi a cikinsa, ana ji, amma ya haye fadama, ya zo wutsiya ya hau ba wahala, ya tsaya can sama cak kamar an rataye shi. Tekla na riƙe da ita tana jin muryar na kaɗawa a hannunta. Ko ranar da ta fi kowace rana lafiya ba ta taɓa tsayar da wutsiya haka ba. Da rabin murya ke nan, bayan kwana huɗu cikin hayaƙi. Ta so ta yi kuka, ta kuma so ta hankaɗa ta daga kan dutsen, duka a lokaci ɗaya.

Can daga nesa sosai Hilma ta aiko da tambaya. Ragna ta maimaita. Aka amsa, muryoyin suka juyo.

Ragna ta zauna a kan dutsen tana mayar da numfashi. "Wa ya koya miki wannan?"

"Inna."

"Yaushe?"

"Kina goye."

Ragna ta yi lissafi. "Shekara talatin da shida ke nan."

"Na iya ƙirga," in ji Tekla, ta sauka.

Ruwa ya fara yayyafi sa'ad da matan Loberg suka ga kan Lilja a cikin gansakuka, laka ta haɗiye ta har haƙarƙari. Da igiya da sanduna suka zaro ta. Hilma ce ta aiko da kiran samu, wutsiya kwance, wannan karon da gaskiya. Saniyar ta rayu, amma ta zubar da cikin bayan kwana uku, nononta ya ƙafe. Ko jinkirin nan ne ya jawo, ko dama hakan za ta faru, ba mai iya cewa. Tekla dai ta yanke wa kanta hukunci. Hunturun nan kaf, kowace safiya ana ganinta da gwangwanin madara tana nufar gidan Joel, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya.

Hilma ce ta kawo Lilja da kanta ranar Lahadi. Da aka zauna ta ce, "Ni dai ban gane ba. Kira biyu muka ji, ɗaya ya ce an samu, ɗaya ya ce ba a samu ba, kuma kamar ba baki ɗaya ba."

Tekla na zuba kofi. Ragna ta buɗe baki, amma Agda ta riga ta.

"Na biyun Ragna ce. Na Larabar nan da kuka ajiye aiki ma ita ce."

Hilma ta ce, "Af." Ta dubi Tekla, ta kawar da ido da sauri. Tekla ta cika mata kofin har baki ba ta zubar da ko ɗigo ba. Kafin a sauko daga tudu, duk rugagen yankin sun san Granberg ta canja murya.

Tekla ba ta sake hawa dutsen ba. Muryar magana ta dawo mata bayan mako biyu, wataƙila ta kira ma da ta dawo wani ɓangare, amma ba ta gwada ba, ko ita kaɗai a daji. Ta ƙara yin bazara tara a ruga. Ita ta karɓi tukunyar ruwan cuku, ba ta kuma yarda Auta ta kusanci bukkar ba. Ta sa mata ido kamar yadda ta sa wa kanta a da: rufe wuyanki, kar ki sha wannan, yau iska ce ki juya baya. Wanda bai sani ba sai ya ce tuba ce da ƙauna. Akwai su a ciki. Amma duk yammacin da Ragna ta hau dutse, Tekla kan sami abin yi a cikin ɗakin tatsa, ta ja ƙofa. In aka gama sai ta fito da gyara. Yabo kuwa, ko sau ɗaya. Ragna ma ba ta taɓa tayar da zancen itacen nan ba, ba ta kuma manta ba. In tana ba mu labarin, a nan take yin shiru ta gyara zama.

Daga baya matasa suka tafi birni, shanun ƙauye suka ragu, aka daina hawa Granberg. A bikin tsakiyar bazara na 1968 masu shirya taro suka roƙi Ragna ta yi kira daga tudun bayan coci, don baƙi su ji yadda ake yi a da. Mutane suka cika filin, wasu da na'urar ɗaukar hoto. Ana gab da farawa Tekla ta ce ƙafarta na ciwo, ta ɗauki sandarta ta tafi. Matar mai shago ce ta ce ta gan ta tsaye a kan gadar rafin niƙa, inda sauti daga tudun ke sauka sosai, ta dafa ƙarfe, ba ta motsa ba har aka gama.

Da la'asar Ragna ta biya gidanta, da furen da aka ba ta a hannu.

"An ce kin tafi gida, Yaya."

"Na tafi."

"Ba ki ji ba ke nan."

"Ina zan ji daga nan." Ta ɗauko kofi biyu ta ajiye. Ta karɓi furen ta duba, ta sa shi a tulun madara. "A na biyu kin ɗauki numfashi a tsakiyar magana. Kuma mutane kike yi wa, ana ji. Ko akuya ba za ta taso wa wannan ba."

"Ai babu shanun, Yaya."

Tekla ta zauna. Ta daɗe tana juya cokali a kofin da ba ta sa wa sukari ba.

"Da ni ce dai," in ji ta, ba ta ƙarasa ba.